Kwalabe Shida a Hanyar Dutsin-Ma

Daga Allah muka zo, kuma duk daɗewar mutum a nan, can zai koma. Kakana, mahaifin mahaifiyata, ya koma ranar wata Laraba da hantsi, a gidansa na bakin gona kusa da Dabawa. Ya haura shekara casa'in. Babu wanda ya san da nawa ya haura, shi ma bai sani ba. Abin da yake cewa kawai, an gaya masa ana goyonsa Turawa suka shigo ƙasar Katsina.

Kwana uku na yi cikin mata ina sauraron masu gaisuwa, kuma ban taɓa ganin makokin da mutane suka wahala wajen neman abin faɗa kamar wannan ba. Mace za ta shigo ta ce, "Allah ya jiƙan Baba, mutum ne mai..." sai ta tsaya tana lalube. Wata ta ce mai tsabta. Wata ta ce bai shiga harkar kowa ba. Limamin unguwa, da aka shigo da shi ya yi mana addu'a, ya shaida cewa tun da ya san kansa bai ga ranar da tsohon ya rasa jam'i ba, kuma bai ga ranar da ya tsaya wani wuri ba sai ƙarshen sahu, jikin ƙofa, inda iska ke shigowa. Wata daga dangin mahaifina ta sunkuya kunnen ta kusa da ita ta ce girman kai ne, mutum kullum baki a rufe da amawali kamar wanda ya gaji sarauta, alhali ɗan wanzamai ne. Ta zaci ban ji ba.

Daga Kurfi ɗan ƙanensa ya zo, wanda shi ke riƙe da zabirar gidan yanzu, shi ma furfura ta cika masa kai. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi wa mahaifiyata gaisuwa, sannan ya ce mahaifinsa ya mutu bai san laifin da ya yi wa yayansa ba, shi ma ga alama haka zai mutu. Mahaifiyata ta amsa gaisuwar kawai. Ba ta yi kuka ba duk kwanakin nan. Da wata ƙawarta ta matsa mata, ta ce ta zubar da hawaye ko zuciya ta yi sauƙi, sai ta ce, "Uba ne. Ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, ya aurar da ni. Amma ban san ɗumin hannunsa ba, to me zan tuna in yi kuka?"

Ni kaɗai a ɗakin nan na san dalili. Ya ba ni izinin in faɗa bayan ransa, shi ya sa nake rubuta wannan, don kada a binne shi da sunan mai girman kai.

Tun ina ƙarama na san Kaka ba kamar sauran tsofaffi yake ba. Idan zai yi maka magana sai ya karkatar da fuska gefe, kamar mai magana da katanga. Moɗarsa daban, akushinsa daban, shi yake wanke su da toka ya kife a rana, ba ya yarda kowa ya taɓa. Tsofaffin unguwa idan aka kai musu yaro sukan yi addu'a su tofa masa a ka. Kaka yakan yi addu'ar, doguwa ma, amma sai ya tofa a cikin hannun rigarsa. Ba a taɓa jin ya yi wa jariri huɗuba a kunne ba, har 'ya'yan cikinsa, liman ake kira. Kakata, wadda ya aura bayan dangi sun yi shekaru suna matsa masa, ta rasu ina goye, amma an ce ɗakinsa daban yake tun farko, kuma har ta mutu tana cewa ta auri baƙo mai kirki.

Duk da haka, idan ɗari ya shigo, duk gidan da aka yi haihuwa a unguwar, da safe za a tarar da damin itace a zaure, busasshe, an faskara shi daidai na dafa ruwan wankan jego. Ba ya shiga ciki, ba ya jiran godiya. Idan aka tare shi a hanya aka ce an ga saƙo, sai ya juya fuska ya ce, "A rufe wa yaro ƙirji." Wannan ce maganarsa ta kullum, har yaran unguwa suka mayar da ita sunansa a bayan idonsa. Kuma idan mai tari ya mutu, mutane suna ɗari-ɗari da gawar, shi ne na farko da zai naɗe hannun riga ya ce a kawo ruwa. Yakan ce shi ba abin da gawa za ta ƙara masa.

Ni ce jikarsa mace ta fari, don haka Amarya yake kirana, ni kuma in ce masa Angona. Da na girma na kamu da son ƙananan littattafan nan na soyayya da ake shimfiɗawa a kasuwar Dutsin-Ma, na saya, na ara, na karanta har bangonsu ya yage. Ta cikinsu nake kallon duniya, har yau ban daina ba. Sai na yanke wa kaina cewa Kaka masoyi ne da aka raba da abar ƙaunarsa, ya rantse ba zai sake kallon kowa ido cikin ido ba. Nakan zauna nesa da shi, inda ya yarda a zauna, yana ɓarar gyaɗa ina karanta masa. Yana saurare sosai. Wata rana na kai inda saurayi ya kwana bakwai bai ci abinci ba saboda wasiƙa, sai ya ce, "Amarya, su mutanen littafin nan naki ba su noma ne? Tun jiya ba wanda ya ɗauki fartanya." Na ce masa zuciya ma gona ce. Ya yi dariya a bayan amawali, kafaɗunsa na rawa, ya ce to Allah ya ba da damina.

Na sha tsokanarsa in ce ya faɗa mini sunan wadda ta riga ni. Ya ce in bar tone-tone, kishi da matacce ba riba. Daga nan na san akwai ta, kuma ta mutu. Na yi shekaru ina ƙawata ta a raina, na ba ta dogon wuya da wushirya, na sa mata zane saƙi. Ban san cewa labarin ya fi ƙarfin littattafaina ba.

Abin ya fito ne ta dalilin ɗana na fari. Bayan na yi arba'in na kai shi gida. Kaka na zaune a kan buzu a inuwar darbejiya, na zo ta bayansa da wasa na ɗora masa yaron a cinya na ja da baya, na ce yau sai ango ya ɗauki ɗan amaryarsa. Ya ɗaga hannuwansa sama kamar an ɗora masa garwashi. Ya riƙe numfashi, na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, sai da mahaifiyata ta zo ta ɗauke yaron. Ta dube ni ta ce, "Haka ya yi mini da ke. Kin ga da idonki."

Kwana takwas bayan nan yaron ya kwanta. Jiki kamar wuta, numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk shaƙa ɗaya. A asibiti aka ce ciwon haƙarƙari ne, sanyi ya kama huhu, aka yi ta yi masa allura. Allah ya sa da sauran kwana, a mako guda ya kama nono. Amma aka aiko mini cewa tun ranar da Kaka ya ji labari bai sa komai a baki ba sai ruwa. Da aka sallame mu na bar yaron wajen mahaifiyata na tafi na same shi. Ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Na ce masa yaro ya warke. Ya sa na maimaita sau uku. Sannan ya nuna mini inda zan zauna, can ƙarshen tabarma, ya ce tun da na ɗora masa abin da ya yi shekara saba'in yana gudu, to in zauna in ji.

A Kurfi aka haife shi, gidan wanzamai. Mahaifinsu ya rasu yana da kamar shekara ashirin, zabira ta faɗo hannunsa, shi ne babba. Yana da ƙane ɗaya da ke taya shi, da mata, da jaririya 'yar wata biyar. Ya ce hannunsa na da sauƙi, har daga ƙauyuka ake aiko masa. A shekarar nan ciwon haƙarƙari ya shigo gari da ƙarfi. Ƙato zai dawo daga gona lafiya, ya kwana da rawar ɗari, ya tashi da suka a gefen ƙirji kamar an caka masa mashi, yana fitar da kaki mai launin tsatsa. A mako guda ko ya yi gumi ya tashi, ko a ɗauke shi. Abin da aka sani a yi shi ne ƙaho a gefen da ke suka, don haka Kaka ba ya zama.

Sai labari ya zo cewa wani likita Bature ya sauka a barikin Dutsin-Ma, yana bin garuruwa yana neman sanin abin da ke kawo wannan ciwo. Ba magani ya zo da shi ba, bincike yake yi. Yana son kakin marasa lafiya. Aka aiko wa dagaci da ƙananan kwalabe shida, kowace da takarda manne a jikinta, aka ce a cika a mayar kafin rana ta faɗi washegari. Dagaci ya rasa wanda zai aika, don ba mai buɗe wa dogari ƙofar majinyaci. Wanzami ne kaɗai ke shiga kowane gida. Aka kira Kaka.

A wurinmu abin da ya fita daga jikin mutum ba a barinsa a sarari. Gashin da aka aske, farcen da aka yanke, jinin da ƙaho ya zuƙo, wanzami ne ke tattarawa ya haƙa rami ya binne, don kada mugu ya samu ya yi sammu da shi. Wannan ce amanar aska, kuma saboda ita ake sakin jiki a miƙa masa wuya. To ga shi an ce ya karɓi kakin mutanen da ke tsakanin rai da mutuwa ya kai wa baƙon da ba a san abin da zai yi da shi ba. Ya bi gidaje shida ya karɓa, don umarni ne. A gida na ƙarshe uwar majinyacin ta biyo shi zaure ta riƙe masa riga, ta ce, "Wanzam, ubanka bai taɓa ba da gashin kowa ba. Ɗana ke nan guda." Ya wuce da kwalabensa.

Da safe ya ɗaura wa jaki shimfiɗa ya kama hanyar Dutsin-Ma. Ya ce tun da ya fita gari maganar matar nan ke bin sa. Da ya kai wani rafi ya sauka, ya haƙa rami a gindin tsamiya, ya juye kwalaben shida a ciki, ya rufe, ya yi addu'a kamar yadda ake yi wa jinin ƙaho. Ya ɗauraye su tas. Sannan ya zauna ya yi ta kakari, yana tofa nasa a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗan yi mura kwanakin baya ta wuce, don haka bai sha wuya sosai ba. Ya ce a ransa, in sammu ne ya faɗa kansa, shi lafiyarsa ƙalau, zai iya ɗauka. Ya hau jakinsa yana jin ya yi abin da ubansa zai yi.

A bariki ya tarar da likitan a rumfa, da tebur, da wata 'yar fitila mai shuɗiyar wuta, da wani ƙarfe mai wuya kamar na zalɓe wanda ake leƙawa ta samansa. Akwai tafinta. Aka ce ya jira. Yana kallo likitan ya ɗebi kaɗan daga kowace kwalba ya shafa a ɓallin gilashi, ya gifta shi a wuta, ya ɗiga masa wani ruwa kamar na marina, ya ɗauraye, ya sa a ƙarƙashin ƙarfen ya leƙa. Ya yi haka sau shida, yana rubutu a littafi, fuskarsa na ƙara sakewa. Da ya gama ya yafuto Kaka da hannu, cikin fara'a, ya nuna masa ya rufe ido ɗaya ya duba.

Ya ce da farko haske kawai ya gani. Sai abin ya fito. Kamar an watsa riɗi a kan farin ƙyalle, an rina shi da baba, kuma bibbiyu suke, kowace ƙwaya da 'yar'uwarta kai da kai. Ni da nake son duk abin da ya zo bibbiyu, tun ranar da ya faɗa mini wannan ban sake ganin kurciyoyi a kan reshe na ji daɗi kamar da ba.

Tafinta ya ce, "Likita ya ce ka ga mai kisan da idonka. Yana cikin duk shidan. A maƙogwaro yake zama, yana bin tari da numfashi daga wannan baki zuwa wancan."

Kaka ya buɗe baki zai tambaya ko mai lafiya ma yana iya ɗauke da shi, sai ya rufe. In ya tambaya za a ce me ya sa, in ya faɗa akwai bulala, akwai gidan yari, akwai kunyar da zai jawo wa dagaci. Ya karɓi sallama ya fito. Bayan kwana biyu likitan ya naɗe kayansa ya yi gaba, ba a sake ganinsa ba, ya tafi da ƙaryar Kaka a rubuce cikin littafinsa.

A hanyar komawa ya yi ta lissafi. Mutum shidan nan, babu wanda bai yi wa aski ko ƙaho ba kafin ya kwanta. Wanzami hanci da hanci yake aiki da mutum. Da bakinsa yake zuƙar ƙaho. Shi ke buɗe bakin jariri ranar suna, yana numfashi a fuskarsa. Kafin ya hango rufin Kurfi ya gama yanke wa kansa hukunci, shi ne ke raba mutuwa gida-gida, a cikin zabira yana ɗauke da aska, a cikin maƙogwaro yana ɗauke da wannan.

Matarsa ta tare shi da ruwa a moɗa. Al'adarsu ce tun suna ango da amarya, ya sha rabi ta shanye saura. Ƙishirwa ta sa ya kafa kai kafin ya tuna. Da ta karɓa ta kai baki, ya ce ya ga hannunsa ya ɗaga zai hana ta, amma bai san me zai ce mata ba, sai ya sauke.

Huɗu daga cikin shidan suka mutu a makon nan, har da ɗan matar da ta riƙe masa riga. Kwana tara bayan dawowarsa matarsa ta kwanta da suka a gefen dama. Ya kira ƙanensa ya yi mata ƙaho, shi ya tsaya a bakin ƙofa. Ta yi ta kiransa. Ta ce, "Kai da kake yi wa gari duka, ni ce ba za ka taɓa ba? Mi na yi maka?" Yana jin ta, ya dafe baki da rawani, bai shiga ba, don yana ganin duk numfashin da ya yi kusa da ita ƙari ne. Ta mutu rana ta shida tana ganin ya guje ta. Jaririyar ta bi ta bayan kwana huɗu.

Ranar da aka yi sadakar bakwai aka aiko daga gidan dagaci, an yi haihuwa, ana jiran wanzami. Kaka ya ɗauko zabira ya ajiye a gaban ƙanensa a tsakar gida, ya ce daga yau tasa ce. Ƙanen ya zaci baƙin ciki ne, ya lallashe shi. Da ya ga da gaske yake, har ya ƙi cin tuwo a akushi ɗaya da shi, sai ya fusata. Ya ce tun da ya je bariki ya dawo yana ƙyamar mutane, ya faɗa musu abin da Nasara ya ba shi da har sana'ar ubansu ta zama ƙazanta. Ya ce in ya fi ƙarfin gidan, ƙofa a buɗe take. Kaka bai kare kansa da ko kalma ɗaya ba. Da damina ta ƙarato ya nemi daji kusa da Dabawa ya sare, ya kafa bukka nesa da mutane. Ƙanen ya rayu shekara hamsin bayan haka, gaisuwar Sallah kawai ke haɗa su, ita ma ta bakin ɗan aike.

Na fito daga wurinsa ranar nan zuciyata kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Akwai ɗan yayan mahaifiyata da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, irin waɗanda kullum ke leƙa madubin nan na ganin ƙwayoyin cuta, irin na likitan. Na je na same shi na ce a littafi na karanta labarin. Ya saurara, ya girgiza kai. Ya ce ai wannan ƙwayar cuta mutane da yawa masu lafiya suna ɗauke da ita a hanci da maƙogwaro, musamman yara, ba ta yi musu komai, sai jiki ya yi rauni ta sauka huhu. Takan zauna ta tafi, ba ta dawwama a mutum ɗaya. Kuma akwai wasu a baki marasa illa da suke kama da ita, a irin madubin wancan zamani da wuya a rarrabe. Ya ce in an tara mutanen kasuwa a duba su, za a samu a bakin da yawa. Kuma wanzamin da ke yi wa rabin gari aski, dole duk wanda ya kwanta a ce ya taɓa shi.

Na ce, "Yaya, ke nan ba shi ya sa musu ba."

Ya ce shi bai ce haka ba. Mai lafiya na iya ba wani. Zai iya yiwuwa shi ne, zai iya yiwuwa kowa ne a garin, babu mai iya sani.

A mota ina dawowa na tsara yadda zan faɗa masa. Zan bar wancan ƙarshen, in kai masa farkon kawai. Na ga yadda zai kwance amawali, hawaye su zubo, ya miƙa hannu ya ce a kawo masa yaron. Haka ake rufe labari a littattafan da na sani, kuma na yi imani tsohon nan ya cancanci irin wannan rufewa fiye da duk wanda na taɓa karantawa.

Na same shi da la'asar yana gyaran igiyar guga. Na faɗa masa da murna. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Amarya, faɗa mini yadda ɗan'uwan naki ya faɗa, ba yadda littafinki zai faɗa ba. Kin ce kowa na iya ɗauke da shi. Ba ki ce ba ni ba ne."

Na kasa yi masa ƙarya. Na ce babu wanda zai iya sani.

Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai auna hatsi, "Ke nan ko ni ne, ko ba ni ba ne. In ni ne, ina da alhakin rai shida. In ba ni ba ne, na bar matata ta mutu tana kirana a banza. Na bar ƙanena a banza. Uwarki ta girma kamar marainiya ubanta na raye, a banza." Ya juyo, karo na farko a rayuwata, ya dube ni sosai. "Da kin bar ni da na farkon, Amarya. Shi na saba ɗauka."

Na tafi da niyyar sauke masa kaya, na ƙara masa wani.

Bai canza komai ba bayan haka. Amawali na nan, moɗa na nan a kife a rana. Ya ce icen da ya bushe a karkace ba ya miƙewa. Amma ya ba ni sunayen gidaje huɗu a Kurfi, ya sa na haddace, ya ce bayan ransa in je in faɗa musu abin da ya yi, in roƙa masa gafara. Na tambaye shi matarsa fa. Ya ce wannan tsakaninsa da ita ne. Wata huɗu bayan nan ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya fita ransa, ya tafi ba tare da ya yi tari ko sau ɗaya ba.

Bayan sadakar uku na kira mahaifiyata ɗaki na faɗa mata duka. Ta zauna tana murza bakin zaninta. Can ta ce, "Da ya tambaye ni. Da na ce masa ya ɗauke ni ko sau ɗaya, in ya so in mutu." Sai ta tashi ta ɗauko mayafi ta ce tare za mu je Kurfi.

Ranar kasuwa muka je, ɗan ƙanen Kaka ya yi mana jagora, bayan ya ji labarin ya zauna a dakali ya rufe fuska da hula ya daɗe. Gida na farko babu shi, injin niƙa ne a wurin. Na biyu an ce zuriyarsu sun koma wajen Maraɗi tun da daɗewa. A na uku muka sami wani matashi yana wanke babur, bai taɓa jin sunan da na ambata ba, ya ce in dai yafiya ce ya yafe har da ta gaba, ya ci gaba da wankinsa.

Na huɗu shi ne gidan matar da ta riƙe wa Kaka riga. Ɗan nata da ya mutu ya bar 'ya mace tana tatata, ita muka tarar, tsohuwa tukuf, idonta ya yi hazo, tana tsinkar zogale a faifai. Muka gaisa, na durƙusa na ce, "Iya, saƙon mamaci na kawo." Na ba ta labarin tun daga kwalabe har rafi. Hannunta bai tsaya da tsinka ba. Da na kai ƙarshe ta tambaye ni ko da gaske ya binne na ubanta, bai kai wa Bature ba. Na ce da hannunsa ya binne, har da addu'a. Ta ce kakarta ta mutu tana tsine masa a kan ya kai.

Na ce to yanzu ga gaskiya ta zo, yana roƙon a yafe masa.

Ta ture faifan gefe, ta juyo da fuskarta wajen muryata. Ta ce, "Ɗiyata, ni mi zan yafe? Ban san fuskar ubana ba, ban san ta kakanki ba. Ba ni aka yi wa ba. Waɗanda ke da wannan magana duk suna can inda ya tafi, da ubana, da kakata, da matar tasa. Ya riga ki isa. Ki bar su su yi ta a tsakaninsu."

Muka yi mata sallama muka fito. Mahaifiyata na gaba, ni ina biye har tasha.

Ya Allah, kai ka san abin da ke cikin maƙogwaro da abin da ke cikin zuciya, kai kaɗai ka san ko shi ne ko ba shi ba ne. Ga bawanka nan ya zo. Ka sassauta masa tambaya, ka yalwata masa kabari, ka haɗa shi da su cikin rahamarka, ka sa su saurare shi. Mu kuma da muka rage, ka sa mu cika da imani.